Baƙin man da na ɗebo a ɓoye

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi, na sayi wata 'yar mota mai ƙofa biyu, ja, irin masu gudun tsiya. Ƙasa-ƙasa take, ko tudun ƙofar gidanmu a unguwar Goudji sai na hau shi a karkace. Mahaifiyata ta leƙa cikinta sau ɗaya ta ce ba ta ga inda za a sa buhun gero ba.

Ƙanin mahaifiyata bakanike ne a unguwar Boutalbagar, tun yana saurayi ya zo daga Nijar. Shi yake min juye, wato ya zubar da tsohon man inji ya zuba sabo. Ni nake kawo man, wani siriri mai tsada da na gani ana yabo a intanet. Kawu ya taɓa karkata galan ɗin ya ce, "Ɗan nan, wannan na ƙasar sanyi ne. Duba littafin motar, ai sun ba da wani mai ɗan kauri saboda zafi." Na yi murmushin mai ilimi na wuce.

Yana da wata ɗabi'a da nake rainawa. In baƙin mai yana zuba, sai ya tara yatsa, ya murza, ya sunsuna, ya ɗaga wa rana. Ni kuwa na ji cewa masu irin motata aika man suke ɗakin gwaji a ƙasar waje, a faɗa musu lafiyar inji. Kunyar gaya wa Kawu ta kama ni, don kada ya ga kamar ina bincikensa, alhali bincikensa nake. Ranar juye na jira ya tafi sallar la'asar, na duƙa gaban rabin jarkar da ake tara mai, na cika kwalba na cusa a aljihu. Washegari na aika da ita ɗakin gwajin.

Bayan makonni takarda ta zo da Faransanci, duk jan layi. Ƙarfe ya yi yawa, tagulla ta yi yawa, ga tokar gas irin na manyan motoci, man kuma ya fi wanda na saya kauri nesa ba kusa ba. Motata fetur take sha. Nan take na yanke hukunci: Kawu yana ajiye mai tsadar, ya ɗura min na manyan motoci.

Abin da na yi har yau yana sa ni sunkuyar da kai. Na je garejin, gaban abokan aikinsa da wasu mutum biyu masu mota, na karanta takardar da ƙarfi ina fassarawa. Mutumin da sunansa ne kawai jarinsa. Kawu ya goge hannu da tsumma a hankali.

"Daga ina ka ɗebi man?"

Na nuna jarkar.

"Wannan?" Ya dube ta, ya dube ni. "Ranar nan na juye man tirela biyu da na janareta a cikinta. Kafinta ma daga nan yake ɗiba ya shafa wa katako saboda gara."

Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Kawu bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka tambaye ni, ai da ni zan ɗebar maka." Wannan maganar ta fi dariyar zafi. Na ba shi haƙuri a wurin, na sake bin sa gida da mahaifiyata. Ya ce, "Kalas, ya wuce," amma ya yi wata guda yana gaishe ni kamar baƙo.

Da juye na gaba ya zo, Kawu da kansa ya sa na kawo sabuwar kwalba. Ya ɗumama injin, ya bar farkon man ya wuce, ya tari na tsakiya. Sannan ya murza ɗigo a yatsa.

"Injinka lafiya lau. Amma man ya tsinke kamar ruwa, kuma akwai yashi. Kana bin hanyar Toukra mai ƙurar nan da motar ko? Iska na shiga ta inda bai kamata ba."

Bai jira takarda ba, ya bi robar iska da hannu har ya samo tsaga a ƙasanta. Da sakamakon ya zo, abu biyu ya nuna: yashi, da man da ya rasa kauri. Na koma wa man da Kawu ya faɗa tun farko.

Takardar farko ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba su suka auna. Ni ne na yi saurin yarda da jan layi a kan mutumin da ya koya min tuƙi. Kawu ya manna takardar a bangon gareji, duk wanda ya tambaya sai ya ce takardar asibitin jarkarsa ce.

Motar tana nan, Kawu ma yana nan, sai dai idonsa ya yi rauni. Har yanzu duk juye yakan cika kwalba da kansa ya ce, "Ga na masu takarda." A na ƙarshe, bayan ya miƙo kwalbar, sai ya kamo hannuna ya tara yatsana a ƙarƙashin man mai ɗumi.

"Murza," ya ce. "Gaya min abin da ka ji."