Kawu Ɗan'ige da Ƙwarinsa

Duk wanda ya san Kawu Ɗan'ige na Birnin Tsaba, a tsugune ya san shi. Da gero ya fitar da kai, manoma na duban sama, shi yana duban ƙasa. Ka yi masa sallama, sai ya ɗaga hannu: "Sannu-sannu dai, aiki sukai." Su wa? Tururuwa!

Kun tuna ranar da ya tare amalanken maƙwabcinsa Mamman, shaƙe da dammunan gero? Wai tururuwa na tsallaka hanya ɗauke da hatsi.

"Kawu, shanu sun gaji!" in ji Mamman.

"Kai shanu ka ja maka. Su da kansu sunka ɗauko nasu. To, wa zai jiran wani?"

Haka Mamman ya kewaya yana ƙunƙuni.

Sai shekarar da zanzaro ya yi gini cikin hularsa ta Juma'a, tana rataye a ƙusa. Matarsa Inna Hajo ta ɗauko tsinke za ta kankare, ya daka mata tsawa: "Kul! Da ɗiya ciki!" Ya yi ta zuwa masallaci kai ba hula. Liman ya tambaye shi, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, baƙo ya sauka cikinta."

Amma fa a soya fara da yaji, ba ka jin bakin Kawu. Na ce, "Kawu, ba mutanenka ba ne?"

"Waɗanga gerona sunka ci. Gerona nika amsa."

Lokacin da maigidana ya rasu, na gama takaba a lokacin kaka, na dawo gida daga Shinkafi. Ba na ci, ba na magana. Kowa ya yi mini nasiha ya gaji. Sai wata la'asar Kawu ya leƙo: "Ɗiyata, taso ki gani."

Ya kai ni bayan garke. Buzuzu ne ke turo kashin shanu da baya-baya zuwa saman kunya. Ya kusa kaiwa, ya mirgino da kayansa. Ya sake, ya sake mirginowa. Kawu ya girgiza kai, ya ce, "Wanga da Mamman, ban san wa yaf fi wani dabara ba."

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, har da hawaye. Ranar na ci tuwo.

Ban taɓa yi masa godiya ba. Allah Ka yi masa a madadina, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ya huta.