Ranar da Baba Buba Ya Hau Dutse

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da Baba Buba, direban ofishinmu, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a bakin aiki ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i, aikina in hau da baƙi wani dogon dutse da ke can wajen garin Bauchi. Gwamnati ta keɓe shi ne saboda launukansa, ja da fari da ruwan ƙwai layi-layi, da kuma zanen mutanen dā a cikin kogonsa.

Ku sababbin ma'aikata kun san ƙa'idar: direba ba ya barin motar gwamnati, in ya bari takardar tuhuma ce. Saboda haka Baba Buba kan kai mu gindin dutsen, ya shimfiɗa tabarma, ya jira. A wannan jiran ya yi furfura. Washegari kuma zai ajiye aiki.

Ɗalibai muka ɗauko daga Gubi. A hanya, da bakina da ba ya shiru, na ce, "Baba, wane launi ya fi burge ka a can sama?"

Ya ce, "Ɗana, ni launin taya na sani."

Wallahi kunya ta kama ni. Da muka isa na roƙi shugabarmu da ta biyo mu ranar, Hajiya Asabe, macen da ba ta wasa da doka: "Ranki ya daɗe, a bar shi ya hau mana."

Ta harare ni. "So kake a ɓata masa fayil a ranar ƙarshe?" Sai ta miƙa masa hannu. "Kawo makullin. Yau ni ce mai gadi, in an tambaya ni na ba da umarni."

Sau uku muka huta saboda gwiwarsa. A bakin kogon na fara zuba karatun da na haddace, ina nuna wa ɗalibai jar dabbar da ke bango, na ce gwanki ne.

"Kai! Wane irin gwanki?" in ji Baba Buba, wanda ya tashi yana kiwo a Inkil. "Saniya ce. Ga tozo, ga hantsa, kuma ta kusa haihuwa. Irin jar saniyar babana ce sak."

Ya ɗaga hannu zai shafa ta, sai ya tuna an hana taɓawa, ya mayar da hannun aljihu. Idonsa ya ciko. Nawa ma haka.

Muka sauko muka tarar da Hajiya zaune a tabarmarsa. Ta ce, "To, Baba, me ka gani?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe duk shekarun nan shanu nake gadi ban sani ba."

Tun ranar ban sake cewa gwanki ba. Kuma ku riƙe wannan: kafin ku buɗe baki gaban baƙi, ku fara tambayar wanda aka bari a gindin dutse.