Zagaye Ɗaya Na Feda A Kanatir

Ranar Asabar ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gidan hayar da 'yata Rumasa'u ke zaune a Madinat Nasr, ni da sandata, ita da jakar abinci. Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona a fadamun Haɗejiya, kuma a kan keke na yi su. Wata biyu ke nan da aka canja mini gwiwar dama a nan Alƙahira. Aiki ya yi kyau, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A asibiti akwai wani keke da aka kafe a ƙasa, kullum sai an ɗora ni a kai, in tura feda ta kai sama ta cije, in dawo da ita baya. Likita ya ce idan ban zagaya feda sosai ba zuwa Litinin, za su yi mini allurar barci su lanƙwasa ta da ƙarfi, in ƙara wata guda. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji, kuma na gaji da garin mutane.

Rumasa'u gashin ƙashi take karanta, ita ta je ta roƙi likita ya yarda in gwada keken gaske. Ya ce to, muddin ba inda mota take ba. Na ce mata, "A Alƙahira? Garin da mota ke bin mutum har bakin masallaci?" Ta ce, "Yalla Baba, kai dai sa takalmi."

Daga Madinat Nasr zuwa Shubra

Biyar da rabi muka shiga maikrobas, wato ƙaramar bas ɗinsu, zuwa tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta Istad. A ƙofa aka sa jakarmu a na'ura, ɗan sanda ya ga sandata ya nuna mana lif. A Ataba muka canja jirgi, tafiyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawo, ina ta mita. Shida da minti arba'in muka sauka a Shubra, a wata tasha da sunanta ke nufin Kwalejin Aikin Gona. Na ce to, yau dai an fara girmama ni. Nan muka karya da wake da ƙosansu, ta'amiyya, kore shar a ciki. Bai kai namu ba, amma da zafinsa ya shiga.

Daga nan muka shiga motar Kanatir, inda 'yata ta nufa da ni. Direban ya ba ni gidan gaba saboda ƙafata. Ya tambaye ni, "Sudani?" Na ce Nijeriya. Ya fara lissafo mini 'yan ƙwallo, ni kuwa ko ɗaya ban sani ba, ina ta gyaɗa kai. Daga tsakiyar birni wajen kilomita ashirin da biyar ne, mun yi minti arba'in da biyar.

Kanatir

Nan ne kogin Nilu ke rabuwa gida biyu kafin ya nufi teku. Akwai tsohuwar madatsar ruwa ta dutse mai ƙofofi jere, da lambuna, da manyan itatuwa. Muna sauka na hango allo a bakin wata rumfa. Ni da na yi karatun zaure sai na karanta da ƙarfi don 'yata ta san ba ita kaɗai ke jin Larabci ba. Na ce, "Ijlu lil ijar. Ikon Allah! Ɗan maraƙi ake ba da haya a garin nan? A yi me da shi?"

Rumasa'u ta yi dariya har ta dafa bango. Ashe baƙaƙen ɗaya ne, amma Misirawa "agal" suke cewa, wato kekuna. Mai rumfar, wani dattijo mai rawani, da ta fassara masa sai ya tafa hannu ya ce, "Ya Hagg," wato Alhaji, "maraƙina ba ya cin ciyawa." Ya zaɓo mini keke marar sanda a tsakiya don kada in sha wuyar ɗaga ƙafa. Rumasa'u ta ba shi katinta na makaranta ya riƙe, sannan ta sa ya ɗaga sirdi sama sosai. Na ce ai ƙafata da ƙyar za ta taɓa ƙasa. Ta ce, "Baba, in sirdi ya yi sama, gwiwa ba ta buƙatar lanƙwasa da yawa." Shekara talatin ina hawa, yau yarinyar da na yi wa huɗuba ke koya mini zama. Na hau.

Kan gaɓar magudanar ruwa

Takwas da kwata muka bar lambuna muka hau wata siririyar hanyar ƙasa da ke bin gaɓar magudana. Faɗinta bai wuce taku biyu ba, mota ba ta da wurin shiga. Hagu ruwa, dama gonaki. Jama'a, fadama ce sak, baƙar ƙasa mai maiƙo, irin wadda in ka dunƙula ba ta wargajewa. Albasa, kabeji, ayaba, da wata ciyawar dabbobi da suke kira barsim. Ba su bar ko tafin hannu ba shuka ba. Tun da na zo ƙasar nan ban shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sai ranar, kuma raina ya yi fari.

Amma gwiwa tana nan da halinta. Rabi nake turawa in dawo baya, rabi in dawo, keke na tafiya kamar tsohon jaki. Rumasa'u na bayana a nata keken tana cewa, "Tamam Baba, daidai ke nan, a hankali." Ba tamam ba ne, ni na sani. Da wayarta ta nuna kilomita biyu, na tsaya na ce mu koma, Litinin su yi abin da za su yi. Ta ce mu kai waccan bishiyar dabinon tukuna, mu ci abinci. Na yarda don yunwa.

Kafin dabinon hanya ta ɗan gangara. Ina gangarowa na ji tuf-tuf-tuf na injin ban ruwa, sai na ga ruwa ya ɓalle daga wata kwata ya kwanta a hanya, taɓo baƙi wajen taku goma. Rumasa'u ta ƙwala ihu, "Baba, birki! Sauka!" Duk wanda ya yi keke a fadama ya san ba a tsayawa cikin taɓo. Ka taka birki taya ta zame, ka sa ƙafa ƙasa ita ma ta zame, ni kuma ƙafar da zan sa ta ƙarfe ce sabuwa. Gudun gangaren ya ƙare a tsakiya, keke ya fara layi. Ban yi shawara da kowa ba, na danna fedar hagu da iya ƙarfina. Ta dama ta hau sama, ta cije, wani zafi ya tsarge ni har ƙeya, na ce "Wayyo Allah!" sai ta wuce. Ta sake zagayowa ta wuce. Na fita daga taɓon ban daina ba, har na wuce dabinon.

Da na tsaya, ga Rumasa'u ta yar da kekenta ta biyo ni a guje, laka har gwiwa. Ta durƙusa tana lalubar ƙafata tana faɗa, "Da ka faɗi fa? Me zan gaya wa Umma?" Sai kuma ta ɗago ta ce, "Baba, ka zagaya." Na ce na sani. Hawaye na yi, ban ji kunya ba.

Mai gonar da ruwansa ya ɓalle ya taso yana "Ma'alish, ma'alish ya Hagg," yana ba da haƙuri a kan ruwan. Na kama hannunsa da hannu biyu ina godiya, ya dubi 'yata yana neman bayani. Da ya gane, ya rantse sai mun sha shayi. Matarsa ta kawo wani burodi mai ninki-ninki da man shanu da zuma. Na nuna masa inda kwatarsa ke yoyo, ya ce ya sani, gobe zai gyara. Manomi ko'ina haka yake.

Komawa

Kilomita uku na dawowa duk da cikakkiyar feda na yi su, ina cije leɓe. Sha biyu da rabi muka mayar da kekuna, mai rumfa ya dubi lakar ya girgiza kai. Muka yi azahar, muka bi hanyar da muka zo, huɗu saura kwata muna gida. Gwiwa ta kumbura suntum, aka ɗora mata ƙanƙara.

Litinin na hau keken asibiti na yi minti goma ba tsayawa. Likita ya sa ma'auni, ya rufe fayil ya ce, "Khalas, an gama, sayi tikiti." Na gode wa Allah, na gode wa 'yata, da wancan bawan Allah mai gona da ko sunansa ban tambaya ba. Jumu'a mai zuwa ina Kano in sha Allah. Ƙanena Ɗanlami, na san za a karanta maka wannan. Kekena da ka zo ka ɗauka ka ce ai Yaya ya gama hawa, ka buga masa iska ka dawo da shi.