Raket ɗin Aro

Shekarun baya, bayan na ajiye aiki na koma Birmingham kusa da 'yata, gwiwar hannuna ta dama ta fara yi min gardama. Padel ne ya jawo, wasan nan mai kama da tanis da mutum huɗu ke yi a fili mai bangon gilashi. A Sifen na koye shi, na buga a Dubai, na buga a Dakar, kuma ko'ina raket mai nauyi a ka nake saye, don in na maka wa ƙwallo a ji ƙara. Tsoho da son a ce da sauransa.

Ina da wani aboki, mutumin Kumasi ne da ya daɗe a unguwar Moss Side ta Manchester, da shi nake haɗa gwiwa duk lokacin da na je can. Shi ba ya dukan ƙwallo. Ajiye ta yake yi inda ba kowa, kamar mai ajiye kofin shayi.

Wata Asabar ya ga ina murza hannu, ya yi dariya.

"Ɗan Najeriya, ku komai sai da power. Shekarunka nawa?"

"Ban kai ka ba dai."

"To riƙe wannan." Ya miƙo min tasa. Mai zagayayyen kai ce, nauyinta na kusa da mariƙi, fuskarta da ɗan laushi. "Ba ta ihu, amma inda ka aiki ƙwallo nan take zuwa. Je ka gwada, in ta yi maka ka sayi irinta. Aro ne fa, na san halinku."

Kwana shida bayan haka ciwon zuciya ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'iza, na yi ta'aziyya, na dawo da raket a jakata ban ce wa kowa komai ba.

Na san hukuncin sarai. Daga ranar da ya rasu ta zama haƙƙin magada. Amma hannuna ya daina ciwo, kullum sai in ce mako mai zuwa.

Wata safiya muna wasa a unguwar Edgbaston, nan Birmingham, ƙwallo ta zo min sama, na ɗaga hannu zan maka mata yadda na saba. Sai wuyan hannuna ya juya da kansa, ya tura ta a hankali, ta sauka a kusurwa ta mutu a jikin gilashi. Bugunsa ne sak, wanda na yi shekaru ina kwaikwayo ban iya ba. Cikin abokan karawarmu akwai wani Bapakistane da ya san marigayin. Ya tsaya yana kallona, ya ce da Turanci, "Har ɗan tarin da yake yi kafin ya fara bugu ka ɗauka?"

Ni ban san na yi tari ba.

Ga kuma mariƙin. Duk sanyin garin nan, in na zaro ta daga jaka da ɗuminta nake samunta, kamar yanzu wani ya sake ta. Na naɗe shi da sabon tef, ɗumin bai tafi ba. Na zauna da Larabawa masu labarin aljanu, na zauna da Turawa masu labarin fatalwa, duk ina yi musu dariya a zuci. Wannan karon ban sami abin dariya ba.

Wata Lahadi da hantsi na fito zan je wasa, sai na wuce tashar jirgin ƙasa na yanki tikitin Manchester. Ban kira kowa ba. Ina isa gidansa na ga takalma jibge a ƙofa, ana ta fita da kwanukan shinkafa da wake. Addu'ar arba'in ake yi. Mu a gidanmu ba ma yinta, don haka ban ƙirga kwanaki ba, kuma ba wanda ya gayyace ni.

Matarsa tana takaba, daga bayan ƙofar kicin ta gaishe ni.

"Alhaji, ka kawo ta?"

Jakata a rufe take. Na ce, "Hajiya, me fa?"

"Raket ɗin. A asibiti ya ce min tana wurinka, kada kowa ya tambaye ka. Ya ce ranar da za mu taru yi masa addu'a za ka kawo ta da ƙafarka."

Na zaro ta na miƙa wa babban ɗansa, na nemi gafarar kwanakin da na riƙe. Mariƙin ya yi sanyi ƙalau.

Daga baya na sayi irinta, kuma duk wanda ya daɗe a wasan ya nemi shawarata, irinta nake nuna masa. Hannuna lafiya lau har yau. Bugun nan dai bai sake zuwa ba ko sau ɗaya. Kowace safiya in na zaro tawa, nakan ɗan riƙe mariƙin kafin in shiga fili. In na ji shi da sanyi sai in yi hamdala. Bayan hamdalar kuma sai kewa ta kama ni.