Ƙishin Ɗan Fari

Ɗana na fari ya zo duniya da ƙishi. Tun yana goye nono ba ya isarsa, sai kuka da zafin jiki, har sai an ɗiga masa ruwa a baki sannan ya yi lamo. Da ya fara tafiya kuwa, randar gidanmu a Agege ta shiga uku. Ya sha, ya zaga bayan ɗaki, ya dawo ya sha. Surukata, wadda muke gida ɗaya da ita, takan ce, "Wannan mijin nawa ya fi ƙarfina, sai dai in haƙa masa rijiya in huta."

An kai shi wurin malamai an yi ta ba shi rubutu, shi kuwa murna yake yi, don rubutu ma ruwa ne. A shekarar da aka koma kashe naira, maigidana, wanda dillalin shanu ne, ya kai mu babban asibiti a cikin Ikko. Likita ya yi bayani da Turanci, wata nas ta juya mini da Yarabanci, da yake ni haihuwar Agege ce. Ta ce ƙodar yaron ba ta riƙe ruwa, duk abin da ya sha wucewa yake kamar an zuba a kwando. Ciwon ba ya warkewa, masu shi kuma ba su da yawa. Ta tambaya ko an taɓa yin irinsa a danginmu, sai na tuna ƙannen mahaifiyata maza da aka ce zazzaɓi ya ɗauke su tun suna goye. Ashe ta wajen uwa yake biyowa. Maganar nan ta yi mini zafi ƙwarai, na daɗe ina jin ni na ja masa.

Aka ba mu ƙwayoyi, aka ce a rage masa gishiri, kuma kada ya kuskura ya rabu da ruwa, don idan ya daɗe a rana bai sha ba zai iya mutuwa. Gidan duka muka koma cin miya lami. Surukata ta fi kowa tsare dokar, amma na sha ganinta tana kwance bakin zane tana barbaɗa wa kwanonta wani abu fari. Ban taɓa tanka mata ba.

To ga inda wuyar take. Ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ririta shi a gaban mutane. Surukata daga Arewa ta zo da kunyarta cikakkiya, kullum tana gorin cewa mu 'yan Agege ruwan Ikko ya wanke mana tamu. Ni kuma ina da zuciya, na ce ba za ta same ni da wannan ba. Ko a asibiti "yaron nan" nake cewa. Amma yaro idan wasa ya yi daɗi yakan manta da ƙishi, dole a riƙa tuna masa.

Ubansa ya sayo masa 'yar butar roba aka sa mata igiya yana ratayawa. Ni kuma na samo dabarata: in ɗauki moɗa in buga a jikin bokitin ƙarfe. Duk inda yake a layinmu, da ya ji sai ya kafa buta a baki. Unguwa duka ta haddace. Maƙwabciyarmu Bayarabiya mai tuyar ƙosai, da ta ji bugun sai ta ɗora da nata kirarin, ta kira sunansa da ƙarfi, ta ƙara da "mu omi", wato sha ruwa. Kowa na da izinin kiransa ban da ni.

Yana wajen shekara biyar maƙwabciyar nan ta yi jika. Kuɗi ya shigo gari a lokacin, ranar suna aka tare layi da rumfuna, aka kawo makaɗa da lasifika. Aka sa wa yarona sabon kaftani ya fita tun da hantsi. Ina can ina taya girki, sai wajen azahar na shiga gidanmu ɗebo ruwa, na ga butarsa a bayan randa, cike, ba a taɓa ta ba. Gogan ya ga za ta ɓata masa kwalliya ya ɓoye ta. 

Na ɗauki bokiti da ruwa a ciki na fito ina bugawa. Wa zai ji? Wani makaɗi ma ya ɗauka shiga kiɗan na yi, ya juyo da gangarsa yana bin buguna, wata mata har ta taso za ta yi mini liƙi. Can sai na hango shi a ƙarshen layi, a bayan wasu yara da suka nufi tashar jirgi kallon sauke shanu. Tafiyarsa ba daidai ba ce, yana tangaɗi. Tsakanina da shi mutane ne maƙil, surukata kuma ga ta zaune cikin manyan mata, kusa da ni.

Na ajiye moɗa na kira sunansa. Muryata ta fita har ta ba ni tsoro. Bai juyo ba. Na sake kira, sai ya tsaya yana waige-waige, yana neman mai kiran a ko'ina ban da inda nake. Na suri bokiti da moɗa na ratsa mutane da gudu, na ɗora shi a cinyata a tsakiyar titi, na kafa masa moɗa. Leɓensa ya bushe, jikinsa zafi rau. Ya sha, ya sha, na zuba masa saura a ka, sabon kaftani ya jiƙe sharkaf. Da idonsa ya washe sai ya dube ni ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Dariya da kuka suka haɗu mini. Matan Hausawa suna ta kallona, wasu sun riƙe baki. Surukata ta taso a hankali ta taɓa goshinsa, sannan ta ce wa matan, "Kiɗan nan ya toshe mini kunne, ni ban ji komai ba." Ta sassauta murya ta ce mini, "Ke ma dai, ai bokiti ba ya kaiwa tasha."

Na goya shi zuwa gida, ƙaton yaro, ƙafafunsa na reto. A bakin zaure ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Ki sake faɗa." Na duba gaba na duba baya, na sake faɗa.