Ɗamarar Sha-Yanzu

Ranar da na tuntsurar da kwalaben maganin wata mata da ake kira Sha-Yanzu a kwata, ta riƙe ƙugu ta ce, "Iya, kin san shekarata nawa ina gyaran mata?" Na ce na sani sarai, abin da ban sani ba shi ne ranar da ta je koyo.

Haka take tun tana budurwa. Ta yi kitso, kan mutane ya cika da ƙuraje. Ta koma ɗinki, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da mijinta ya rasu ya bar mata shago, sai ta jera kwalabe, ta sayi farar riga, shi ke nan an zama likita.

Jikata malamar makaranta ce. Bayan haihuwarta ta uku, ko tari ta yi sai fitsari ya ɗiga, balle ta daka wa ɗalibai tsawa. Ta daina zuwa aji, har shugabar makaranta ta aiko cewa in wata ya ƙare za a sa wata a gurbinta. Sai ta lallaɓa wajen Sha-Yanzu. Gwanar ta ce sanyi ne ya kama mafitsara, ta hana ta shan ruwa, ta ɗaure mata ciki da ɗamara tamau kamar buhun gawayi. Fitsari ya koma ja, ga zafi, ɗigar ma ta ƙaru. Yo wa ya taɓa matse ledar ruwa don kada ta tsiyaya?

Ni na ja ta asibiti. Nas ta zana mana a takarda. Bututun fitsarin mace gajere ne, bai kai ɗan yatsa ba. Akwai tsokar da ta kewaye shi kamar zariyar wando, wata kuma a shimfiɗe daga ƙasa ta tallafe mafitsara, haihuwa ce ta sassauta su. Ta ba ta maganin zafin, ta ce, "Ki matse kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, ki ƙirga biyar, ki saki. Safe, rana, yamma. Kuma ki sha ruwa."

Da ƙunzugu jikata ta koma aji a mako na biyu. Kafin wata uku ko atishawa ba ta jiƙa ta.

Shekaranjiya Sha-Yanzu ta tare ni a bakin titi tana washe baki. "Iya, na ji 'yar tamu ta warke. Ai maganina a hankali yake ratsa jiki."

Na dube ta daga sama har ƙasa na ce, "Ke ma na ga sai kin haɗe cinyoyi kafin ki yi dariya. Ƙarfe takwas ake buɗe asibitin, ki yi sammako, layin da tsawo."