Injin Lissafi Ba Dawa Ba Ne

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar baffana, Malam Isa mai rediyo. Abin da ya tuno min da shi wani labari ne da na ji kwanan nan, wai masu hannun jari a wani kamfanin kwamfuta suna ta cacar baki saboda kamfanin ya jibge wa dillalansa kaya, sannan ya karya farashi. Da Baffa na raye, murmushi kawai zai yi, don shi ya sha wannan miyar tun da zafinta.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da bakinmu bai gama sabawa da kiran garin nan da sabon sunansa Suleja ba, wani kamfani ya ba shi dillancin injin lissafi na hannu. Sharaɗinsu biyu: kayan da ka ɗauka ba a mayarwa, kuma ba ka sayarwa ƙasa da farashinsu. Jarin Baffa bai kai ba, sai surukinsa Alhaji Garba, babban ɗan kasuwar hatsi a Izom, ya zuba nasa.

Nan ra'ayinsu ya rabu. Baffa yana son a riƙa ɗauko kaɗan-kaɗan. Alhaji kuwa, da ya yi arziki da ajiyar dawa, ya ce a cika shago a kulle, ma'aikatan sabon birnin tarayya na tafe, farashi zai tashi.

"Baba Alhaji, dawa ba a yi mata sabon samfuri," in ji Baffa.

"Kai dai ajiye. Me yaro ya sani?"

Ya ajiye, don ba a musu da suruki. Kafin damina kamfanin ya fito da ƙaramin inji a rabin kuɗin, namu suka zama kayan kallo. Shagon ya mutu. Gari ya ɗauka cewa Isa ne ya cinye dukiyar surukinsa, har aka daina ba shi amana. Ya koma gyaran rediyo a zaure, bai taɓa kare kansa ba. Ni ma na yarda da zancen gari, kuma ina jin kunyar hakan har yau.

Duk wannan sai ranar addu'ar uku na ji shi, daga bakin Alhaji Garba, ya tsufa tukuf, a gaban jama'a.

Baffa bai bar gida ko gona ba. Abin da ya bari shi ne maganar da tsohon ya rufe da ita: "Ni na ce a ajiye. Ya rufa min asiri, ni kuma na bar shi a rana."